Idan an ce za a rufe jarrabawa, me ya sami satifiket ɗinka?

Yaranmu masu koyon rubuta manhaja a Agege da Idi-Araba a Legas kan tayar da hankali duk ran da kamfani ya sanar cewa zai yi wa wata jarrabawar satifiket ɗinsa ritaya. Wasu su ɗauka satifiket ɗin da suka sha wuya a kansa ya tashi aiki. Wasu kuma su yi kwance, suna ganin akwai sauran lokaci. Duka biyun kuskure ne, na biyun ma ya fi tsada.

Rufe jarrabawa na nufin daga ranar da aka sa, ba mai sake zaunawa ya rubuta ta. Ba a ƙwace shaidar wanda ya riga ya ci. Lokacin da Microsoft ya rufe shaidun ƙwarewarsa na MCSA da MCSD da MCSE a ranar 31 ga Janairun 2021, masu su sun ci gaba da ganinsu a cikin bayanansu, sai bayan shekara 2 aka mayar da su sashen tsofaffin shaidu. Da farko ma 30 ga Yunin 2020 aka sa, annobar korona ce ta sa aka ɗaga. Kada kowa ya dogara da irin wannan ɗagin, ba kullum ake samunsa ba.

Wanda abin ke ci shi ne mai tsakiyar hanya. A wancan tsarin, shaidar MCSA ta manhajar yanar gizo jarrabawa biyu take buƙata, misali 70-483 ta yaren rubuta manhaja na C# da kuma 70-486. Ka ci ta farko, ranar rufewa ta same ka ba ka ci ta biyu ba, to ka tashi da sakamakon jarrabawa ɗaya a rubuce, babu satifiket. Kuɗin da aka biya da dala, da daren da aka raba ana karatu da hasken janareta, duk sun tafi a rabin aiki.

Jarrabawar ƙarin mataki kuwa gajeriyar hanya ce da ake buɗe wa mai tsohuwar shaida. Kamfanin Oracle ya yi jarrabawar 1Z0-817 don masu babbar shaidar yaren manhaja na Java 6 ko 7 ko 8 su haye zuwa Java 11 ba tare da komawa farko ba. Irin wannan jarrabawar ita ma tana da ranar rufewarta, kuma ba dole ta zo daidai da ta sauran ba. Idan ta wuce ka, cikakkiyar jarrabawar sabon shiga za ka zauna, kamar ba ka taɓa komai ba. A ganina nan ne ƙwararru suka fi yin sakaci, don aiki ya danne su.

Sai a bambance wannan da ƙarewar wa'adin satifiket. Shaidar AWS, wato Amazon Web Services na kamfanin Amazon, shekara 3 take yi. Shaidun sana'a na Microsoft na yanzu shekara 1 ne, ana sabunta su kyauta ta intanet a cikin wata 6 na ƙarshe.

Yadda nake ba ƙannena shawara, daga ranar rufewa ake lissafi a dawo baya. A ƙa'idar Microsoft, wanda ya faɗi karon farko zai jira awa 24, bayan nan kwana 14 tsakanin kowane zama. A AWS kwana 14 ne tun faɗuwar farko. Kenan wanda ya ajiye zamansa a makon ƙarshe ya rage wa kansa damar gyara, a AWS ma ya hana kansa ita gaba ɗaya. Ga shi Legas ce: kujerun cibiyoyin Pearson VUE, inda ake rubuta jarrabawar, suna iya cika idan wa'adi ya matso, cunkoson hanyar Ikorodu ko gadar Third Mainland na iya sa ka makara, mai rubutawa a gida kuma wuta ko data na iya yanke masa ana tsaka da zama. Ka bar wa kanka aƙalla wata guda da rabi.

Kafin ka sayi littafi ko kwas a Computer Village ko Yaba, dubi lambar jarrabawar da ke jikinsa. DVA-C01 ta AWS ta daina aiki tun Fabrairun 2023, DVA-C02 ce ta maye gurbinta, amma tsofaffin bidiyonta na nan suna yawo a wayoyin ɗalibai.