Firiwil da Cibiyar Ƙafar Keke a Aikin Haɗa Injin Lantarki

Mayar da keken feda ya zama mai aiki da lantarki ya dogara ƙwarai a kan sassa biyu na ƙafar baya. Na farko shi ne firiwil, wato farantin haƙoran da sarƙa ke hawa, wanda yake jan ƙafar idan ana taka feda, ya kuma sake ta idan an daina takawa. Na biyu shi ne cibiyar ƙafar, inda wayoyin ƙafar masu riƙe da'irarta suke haɗuwa, aksul da boris suke zaune. An ƙera su ne bisa gwargwadon ƙarfin ɗan Adam, wanda a doguwar tafiya yakan tsaya tsakanin wat 100 da 200, saboda haka duk wanda zai ɗora musu inji dole ya duba ta wane gefe ƙarfin zai shiga, da kuma ko ƙarfen zai iya ɗauka.

Firiwil da inji na cikin cibiya duk sun daɗe. William Van Anden ya yi rajistar wani nau'in firiwil a Amurka a 1869, Ogden Bolton kuma ya yi rajistar keke mai inji a cikin cibiyar ƙafar baya a 1895. A cikin firiwil akwai 'yan ƙugiyoyi waɗanda sifirin ke turawa cikin haƙoran wani zobe, su kama idan an juya gaba, su zame idan ƙafar ta fi sarƙar sauri, kuma zamewar tasu ce ƙarar da ake ji yayin gangara.

Tsarin ɗaurawa

Tsohon tsari shi ne a murɗa firiwil a kan tiredin jikin cibiya, wato zaren da aka yanka irin na noti, kuma ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne faɗin inci 1.375 da zare 24 a kowane inci. Tiredin na hannun dama ne, don haka taka feda yana ƙara ɗaure shi. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Shimano ya yaɗa wani tsari inda ƙugiyoyin suke cikin cibiyar kanta, farantan kuma ana zura su a kan wani bututu mai tsaga-tsaga. Wannan tsari na kaset ya fi ƙarfi domin boris ɗinsa na dama yana kusa da ƙarshen aksul, alhali a tsohon tsari aksul yakan lanƙwashe ko ya karye idan farantan sun kai 8.

Jan ƙafa ta gefen hagu

A nan aikin ya fi wuya, kuma a nan masu haɗawa suka fi yin kuskure. Ana barin sarƙar feda a dama kamar yadda take, a ba injin tasa sarƙar a hagu. Sai dai firiwil na yau da kullum idan aka juya shi zuwa hagu komai nasa yana komawa baibai: ƙugiyoyinsa za su zame a lokacin da ake so su kama, tiredinsa kuma zai riƙa kwancewa duk sa'ad da injin ya ja. Maganin shi ne firiwil mai tiredin hagu da ƙugiyoyi masu kallon ɗaya gefen, irin wanda ake yi wa wasu kekunan BMX, wato ƙananan kekunan wasan tsalle-tsalle, tare da cibiyar da aka yanka wa tiredi daidai da shi. Manne firiwil na dama da gam ko walda ba ya gyara alƙiblar ƙugiyoyin.

Hanyar da ta fi sauƙi a kekunan zamani ita ce amfani da mazaunin birkin faifai, mai ramuka 6 a kan da'irar milimita 44, inda ake ɗaura farantin haƙora kai tsaye ko ta hanyar zoben haɗi. Wurin yana da ƙarfi, tunda an yi shi ne domin ya jure birki, amma farantin ba ya sakin ƙafar, don haka sai a koma a sa firiwil ko boris mai juyawa gefe ɗaya a kan sandar injin. In ba haka ba, mai keken zai riƙa juya injin da ƙafarsa duk lokacin da batir ya ƙare. Akwai kuma dabarar matse farantin a jikin wayoyi da roba da kusoshi, wadda ta fi arha, amma da wuya farantin ya zauna a tsakiya sosai, kuma tana gajiyar da wayoyin.

Rage gudu ma wajibi ne. Ƙafa mai inci 26 tana juyawa kusan sau 200 a minti idan ana tafiyar kilomita 25 a awa, ƙaramin inji kuwa yana iya yin 3,000, ke nan ana bukatar ragi na kusan 15 zuwa 1. Faranti ɗaya ba zai ba da wannan ba sai ya yi girman da bai dace ba, shi ya sa ake amfani da inji mai giya a cikinsa ko a raba ragin mataki biyu. Haƙoran farantin kuma su dace da sarƙar: tazarar sarƙar keke milimita 12.7 ce, ta ƙaramar sarƙar inji mai lamba 25 kuwa rabin haka.

Inji a tsakiyar firam

Injinan da ake ɗaurawa a mazaunin feda, kamar BBS02 na Bafang da TSDZ2 na Tongsheng, suna tura ƙarfinsu ta sarƙar keken, ta yadda injin zai amfana da giyoyin baya. Wannan yana bukatar wani abin saki irin na firiwil tsakanin feda da babban farantin gaba, domin kada injin ya juya fedar ta doki ƙafar mahayi. Dukan nauyin kuma yana sauka a kan sarƙa da ƙugiyoyin baya. Bututun kaset na alminiyam yakan sami tabo inda farantai suka cije shi, don haka na baƙin ƙarfe ya fi dacewa, sauya giya kuma a lokacin da injin yake ja yana saurin cinye haƙora.

Inji a cikin cibiya

Idan injin da kansa ne cibiyar ƙafar, sarƙa da firiwil ba sa ɗaukar ƙarfinsa ko kaɗan, matsalar ta koma ta wuri da ta aksul. Tazarar firam ta baya a yawancin kekunan hawan dutse na da milimita 135 ce, ta gaba 100, jikin injin kuma yana cin wuri, abin da ya sa da yawa daga cikinsu suke zuwa da tiredin firiwil mai faranti 6 ko 7, kodayake akwai masu ɗaukar kaset. Aksul ɗin yakan kasance mai kaurin milimita 12 ko 14, an fiƙe gefensa biyu zuwa 10 domin ya shiga tsagar firam. Yayin da injin yake tura ƙafar gaba, aksul yana neman juyawa baya, kuma yana iya buɗe tsagar ya tsinke wayar wuta, musamman a firam na alminiyam, saboda haka ake ƙara wani hannun ƙarfe da ke riƙe aksul ya ɗaure shi a jikin firam.

Injin cibiya mai giya yawanci yana da nasa abin saki a ciki, don haka ƙafar tana gudu sakayau idan an kashe wuta. Wanda ba shi da giya ba shi da wannan, yana ɗan riƙe ƙafar, amma shi ne yake iya mayar da wuta cikin batir yayin birki, kuma a irinsa aksul yana murɗawa gaba da baya, abin da ke sassauta noti idan ba a ɗaure hannun ƙarfen sosai ba.