Daga Birnin Kebbi zuwa Madina: awa nawa ake yi a sama?

Wai nisan nawa ne?

In aka ja zare a miƙe daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zuwa Madina, kusan kilomita 3,900 ne. Jidda ta ɗan fi kusa. Daga wannan filin ne jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi a Hajjin 2024, ranar 15 ga Mayu.

To awa nawa ke nan?

Babban jirgi yakan ci kilomita 850 zuwa 900 a awa guda bayan ya gama hawa sama. Lissafa da kanka, ka ƙara lokacin tashi da na sauka, za ka samu awa biyar ko ƙasa da haka kaɗan. Amma fa jirgi ba ya bin zare. Miƙaƙƙiyar hanyar ta Nijar take bi, ta ratsa Chadi da gefen Libiya da Sudan da kudancin Masar, sannan ta tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka riƙa zagaye. Tafiyar ta ƙaru da wajen awa biyu, kuɗin mai ya hau, kuɗin jirgi ya bi shi.

Mun tashi da takwas na dare, muka sauka uku na dare. Ba awa bakwai ke nan ba?

A'a, Alhaji, agogo ne ya yaudare ka. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Uku ɗin da ka gani a bangon filin jirgi, a Argungu ɗaya ce ta yi, wato awa biyar kuka yi. Ranar dawowa abin sai ya juya: ka tashi goma na safe ka sauka ɗaya na rana, kamar awa uku kacal, alhali zaman ɗaya ne. Shi ya sa za ka ga dattijo ya sauka yana kallon agogon hannunsa, yana musu da jikansa a waya kan ko azahar ta yi.

Me ya sa mutane ke dawowa a gajiye haka?

Ni dai a ganina ba jirgin ke gajiyar da mutum ba. Zaman sansanin alhazai ne ana jiran a kira suna, ga layin auna jaka, ga tantance fasfo can da nan. Sannan daga Madina zuwa Makka akwai wajen kilomita 450, wanda a bas yakan ɗauki lokacin da ya kai na jirgin ko ya fi. Kakanninmu kuwa ta ƙasa suka bi wannan hanya ta Chadi da Sudan har gaɓar teku a Sawakin, wasu a wata da watanni, wasu a shekaru, suna tsayawa noma a hanya don neman guzuri.