Wane irin aji za mu gina wa yaran gobe? Tambayoyi da amsoshi daga Yamai

Duk lokacin da kwamitin iyayen yara ya samu ɗan kuɗi, ko wani attajirin unguwa ya ce zai gina wa lakwal aji uku sadaka, magana ɗaya ce ke fara fita: "A yi mana na zamani." In ka bi diddigi, abin da ke ran mai maganar bai wuce bene da gilashi da ɗakin kwamfuta ba. Ga wasu tambayoyin da ake yi a irin wannan zama, da yadda nake ganin amsarsu.

Malam, mene ne ma ginin makarantar zamani a garinmu?

Shi ne ajin da yaro zai zauna cikinsa da tsakar rana a watan Afrilu, hankalinsa na kan allo. A Yamai, zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 kusan kullum, wani lokaci ya doshi 45, kuma Tawa ba ta fi ta sauƙi ba. Ajin da aka saba ginawa, mita 9 a kan 7, bangon birgin siminti da rufin tol ba silin, yakan fi waje zafi da rana. Tol ɗin ya gasu, ya riƙa sako zafi a kan yara, mushe kuma yana ta gumi yana daka tsawa a kan masu gyangyaɗi. Lissafi ma ya nuna matsin: murabba'in mita 63 ne, in aka zuba yara 80 kowanne bai samu mita ɗaya cikakke ba.

Saboda haka zamanin farko shi ne inuwa, iska, haske, ruwa da makewayi. Kwamfuta tana zuwa bayansu, kuma ba ta daɗewa a ɗakin da ba su.

Me ya sa maganar ajujuwan zana ke dawowa kullum?

Saboda an yi asarar rayuka. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a ajujuwan zana na wata makarantar unguwar Pays-Bas a nan Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu, galibinsu ƙanana ƴan rainon yara. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, aka sake yin wata a Maraɗi, ta ci yara aƙalla 25. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana saka ƴan rainon yara a ajin zana, kuma a lokacin hukumomi sun ce akwai irin waɗannan ajujuwa kimanin 36,000 a faɗin Nijar da ke buƙatar a maye gurbinsu.

Ba wauta ce ta sa ake kafa su ba. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, kowace shekara sabbin yara na zuwa, gini kuma ba ya tafiya da saurinsu. Ajin zana ana kafa shi cikin kwana biyu, ya fi na tol sanyi ma. Amma bayan haɗarin wuta, yana yanke shekarar karatu ta kai da ta wutsiya: ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, ruwan farko kuma ya kore yaran gida. Wanda duk zai zana makarantar gobe a Nijar dole ya yi tunanin ginin da za a iya maimaitawa sau dubbai da kuɗi kaɗan. Makaranta ɗaya tak mai ƙyalli a babban birni ba ta taɓa wannan lissafi.

Abin da gobarar Pays-Bas ta koyar game da zane a fili yake. Wutar ta tare hanyar fita, manyan yara suka haura katanga, ƙanana suka kasa. Kowane aji ya samu ƙofa biyu masu buɗewa zuwa waje, harabar makaranta ma ta samu mafita biyu, kuma ajin ƙanana ya fi kowanne kusa da ƙofa.

To ba sai a sa na'urar sanyaya ɗaki a huta ba?

Da wace wuta? Na'urar sanyaya ɗaki guda tana cin wat 1,000 ko fiye, fankar sama kuwa ba ta wuce 75 ba. Mutanen Yamai sun ga yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wutar da take turowa a watan Agusta 2023. Ajin da aka toshe da gilashi don na'ura, ranar da wuta ta ɗauke sai an fito da yara waje. Ginin ne ya kamata ya yi yawancin aikin sanyayawa da kansa, fanka ta ƙarasa.

Ta yaya gini zai sanyaya kansa?

Nan ne zuciyar maganar, kuma yawancinta ana yanke ta ne ranar da aka ja igiyar harsashi.

Farko, fuskar gini. A shimfiɗa shi doguwa daga gabas zuwa yamma, ta yadda gajerun bangaye marasa taga ne za su sha ranar safe da ta la'asar, tagogi kuma su kalli kudu da arewa. Wannan ba ya cin ko dala, amma sau nawa ka ga an juya aji ya kalli titi don kawai a ga sunan wanda ya gina? Akwai kuma abin da masu kwafo zane daga Turai ke mantawa. A Yamai, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana karkata ta arewa, sauran shekara ta kudu. Ke nan bangarorin biyu duka suna son rufi ya zarce ya yi musu inuwa. Bangon gabas shi ke shan dukan hadari, shi ya fi buƙatar yaɓe mai ƙarfi.

Na biyu, rufi biyu. A ƙasa a yi rufin ƙasa mai kauri, irin ɗaurin guga ko tulluwa da birgin laka, sannan a ɗaga tol sama da shi a kan ƙarafa, a bar rata tsakaninsu iska na ratsawa. Tol ɗin ya zama laima kawai, yana tare rana da ruwa, zafinsa kuma iska ta tafi da shi kafin ya sauko. Mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi wannan a makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso, wadda aka gama a 2001. Ta ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 2004, shi kuma ya karɓi babbar kyautar masu zanen gine-gine ta Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Ba sai an je Burkina ba: ajujuwan da ƙungiyar Article 25 ta zana wa kwalejin Amadou Hampaté Bâ a nan Yamai haka suke, bangon jan dutsen marmara, rufin birgin ƙasa, da tol a sama. Rufin na ƙasa yana da wani amfani da malamai suka fi kowa sani. In ruwa ya sauko a kan tol tsirara, karatu ya tsaya ke nan sai an ɗauke, don ba mai jin wani.

Na uku, hanyar iska. Iska mai zafi sama take tashi, don haka a bar mata ƙananan kafofi can kusa da rufi, tagogi kuma su kasance a bango biyu masu fuskantar juna. Tagar ƙarfe mai ganye-ganye ta fi gilashi: ana buɗe ta da bazara, a rage ta da hunturu lokacin da ƙura ke zuwa daga arewa maso gabas, kuma ƙwallon yara ba ya fasa ta.

Sai itatuwa. Layin dogon yaro a yamma da gabas yana yin aikin da bango ba zai yi ba. Mutanen kwarin Majiya a jihar Tawa sun san haka tun 1975, lokacin da aka fara dasa layukansa don karya iska. A dai nisanta su kaɗan da harsashi saboda saiwa.

Laka fa? Mu da muke son ci gaba, a mayar da mu ginin ƙasa?

Hajiya, wannan tambayar ita ce ta fi kowace wuya, don ba maganar gini ba ce kawai, maganar daraja ce. An daɗe ana kallon siminti a matsayin shaidar arziki, laka kuma ta talaka. Amma bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sako shi ciki sai yamma ta yi, lokacin yara sun tashi. Birgin siminti mai rami nan da nan zafi ke ratsa shi.

Kuma ba tubalin da ake yaɓewa duk shekara ake nufi ba. Ana tankaɗe jar ƙasa, a haɗa ta da ɗan siminti, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a matse da inji, a rufe birgin da leda ya yi makonni yana ƙarfi. Mariam Issoufou, mai zanen gine-gine ƴar ƙasar nan, da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 masu bene da irin wannan birgi a 2016. A Dandaji ta jihar Tawa, ita da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da shi a 2018, tsohon masallacin laka kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Wanda ya zana tsohon shi ne Alhaji Falke Barmu, maginin masallacin Yama da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ke nan gwanintar tana gida tun da daɗewa. Tun shekarun 1980 kuma ake koya wa magina a Nijar rufin ƙasa marar azara, saboda giginya ta yi ƙaranci.

Ginin ƙasa yana da sharaɗi, kuma ba a yi masa ragi. Harsashi ya zama na dutse ko kankare, ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, rufi kuma ya zarce bango sosai. In aka yi sakaci da ɗaya daga cikinsu, damina biyu ta isa ta ba masu zagin laka gaskiya.

Ina maganar ambaliya?

A duba fili kafin a duba zane. A 2020 kogin Kwara ya fasa madatsai ya shiga unguwannin Harobanda da Saga. A 2024 an ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda ruwa ya lalata wasu ajujuwa, wasu kuma waɗanda gidajensu suka rushe ne ke kwana ciki. Tun da mun san makaranta ce mafakar unguwa in abu ya faru, a gina ta a tudu, a ɗaga daɓenta, a yi mata makewayi da zai ɗauki jama'a.

Ruwan saman ma dukiya ne. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin aji uku, kimanin murabba'in mita 200, a shekarar da aka samu milimita 500 zai zubo lita 100,000. Indararo da tanki sun isa a kama wani kaso a shayar da itatuwa.

Me ya haɗa makewayi da makomar ilimi?

Ƴan mata. Yarinyar da ta fara girma, in babu makewayi mai ƙofa da sakata da ruwa, a gefe daban da na maza, za ta riƙa fashi kowane wata, daga fashi kuma sai bari. A yi shi inda idon malamai ke kai wa, ba can bayan katanga ba. A kuma yi gangare maimakon matakala a bakin aji ɗaya aƙalla, don yaro mai keken guragu ya shiga da kansa.

To yaushe za a zo kan kwamfuta da intanet?

Yanzu. Shawarata kada a ware ɗaki guda a cika shi da manyan kwamfutoci a kulle, mabuɗi a aljihun darakta. Ba wanda ya san irin na'urar da yara za su riƙe nan da shekara 20, gini kuma zai wuce haka. Abin da za a tanada tun ana gini shi ne bututun waya a cikin bango, wuraren jona wuta a kowane aji, rufin da zai ɗauki nauyin farantan hasken rana, da ƙaramin ɗaki mai sanyi, marar ƙura, mai ƙofar ƙarfe, inda batir da na'urori za su kwana. Zafi yana rage wa batir kwana, ƙura kuma tana rage wa faranti ƙarfi, don haka a sa su inda za a iya hawa a goge ba tare da an taka tol ba. Makaranta tana da sa'a guda: da rana take aiki, lokacin da farantan ke ba da wuta, ba ta buƙatar batir mai yawa. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a kan ƙarfin rana ya ƙare rayuwarsa yana bincike, ga kuma tashoshin Malbaza da Gorou Banda suna ba da wuta da ita.

Cikin ajin ma a bar shi ya iya canzawa. Tebur da benci na ƙarfe da aka haɗe, yara uku ko huɗu a jere suna kallon gaba, salon karatu ɗaya kawai yake yarda da shi. Tebur marar nauyi da yara biyu za su ɗaga ya ba mushe damar ya raba su rukuni-rukuni. A sa allo a bango biyu. Baranda mai faɗin mita 3 da dakali aji ce ta biyu, kuma da yamma za ta ɗauki ƴan yaƙi da jahilci ko ƴan Islamiyya.

In an gama, wa zai kula da shi?

Wannan a yanke shi kafin a sa harsashi. A ɗauki maginan unguwa su yi aikin tare da mai kwangila, don in birgi ya fashe bayan shekara biyar akwai wanda ya san irin ƙasar da aka haɗa da inda aka haƙo ta. Sakata, famfo, fitila da fanka su zama irin waɗanda ake samu a kasuwar Katako, ba waɗanda sai an yi oda daga waje ba. Ranar karɓar gini kada kwamiti ya tsaya a kan fenti. A hau a zuba ruwa a rufi a ga inda yake bi, a buɗe kowace ƙofa a ga ko waje take buɗewa, a karɓi kwafin zanen da ke nuna inda wayoyi da bututu suka bi a ajiye a ofishin darakta. A kuma riƙe wani kaso na kuɗin mai kwangila, kada a biya shi sai ginin ya ga damina ɗaya.