Lamba ta yi daidai amma takalmi na matsewa: tambayoyi kan faɗin takalmi sau-ciki

Mene ne harafin nan da ake rubutawa kusa da lambar takalmi?

Lamba tsawo take nunawa, harafi kuwa faɗi. Ana auna faɗin ne a inda ƙafa ta fi buɗewa, wato daga gindin babban yatsa zuwa gindin ƙaramin yatsa. A tsarin Amurka, D shi ne matsakaici ga maza. B da C na siririyar ƙafa ne, E da EE da EEE kuma na mai faɗi. Tsakanin harafi da na gaba da shi 'yan milimita ne kawai, amma ƙafa tana jin su sarai.

Ko'ina haruffan ma'anarsu ɗaya?

A'a, kuma nan ne mutane suke yin asara. A Ingila kamfanoni irin su Loake da Church's F suke ɗauka matsakaici, G mai faɗi. Crockett & Jones kuwa E ne nasu matsakaicin. To ka ga E a Amurka mai faɗi ne, a Ingila yana iya zama matsakaici ko ma matsattse. Takalman da ke ɗauke da lambar Turai, irin 42 ko 43, galibi ba sa faɗin komai kan faɗi.

Harafin ma tare da lamba yake tafiya: D na lamba 11 ya fi D na lamba 8 faɗi.

Me zai hana in ƙara lamba ɗaya kawai in huta?

Dabara ce da kowa ya taɓa yi, ni dai ban yarda da ita ba. Takalmi yana da wurin da aka yi shi ya lanƙwashe, kuma ya kamata wurin ya zo daidai da gaɓar yatsunka. Idan ka ƙara tsawo, wurin lanƙwasar ya matsa gaba. Sai fata ta yi tamoji inda bai kamata ba, diddige ya riƙa zamewa yana fita, bororo ya biyo baya. Matsi ya ragu kaɗan, an sayo wata wahalar. Wannan ne ya sa ma'aunin da Charles Brannock ya ƙirƙiro a Syracuse ta jihar New York a shekarun 1920 yake auna abu uku: tsawon ƙafa, nisan diddige zuwa gaɓar babban yatsa, da faɗi.

Ta yaya zan gane faɗin ya yi?

Gwada da yamma, domin ƙafa tana ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. Sa safar da za ka riƙa sa takalmin da ita, ka miƙe tsaye, ka gwada ƙafa biyun, ka bi wadda ta fi girma. Ƙaramin yatsa bai kamata ya turo fata waje ba. Idan kuma fata ta taru kana iya kama ta da yatsu biyu, ya yi yawa.

Dubi wajen igiya ma. A samfurin Oxford, wato wanda aka ɗinke gindin wurin igiyarsa a rufe, in ka ɗaure ɓangarorin biyu masu ramukan igiya suka haɗe tsaf, ya yi maka yalwa. In suka wage, ya matse. Mai tudun bayan ƙafa ya fi samun sauƙi a samfurin Derby, saboda bakinsa a buɗe yake.

Ai fata tana saki, ko?

Tana saki kaɗan ta faɗi, mai gyaran takalmi ma yana iya buɗa ta. Tsawo dai ba ya ƙaruwa, kuma takalmin da ya sa yatsu suka mutu tun wajen gwaji ba zai saki har ya yi daidai ba.