Kofin Gahawa da Ƙuri'a a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya haɗa gahawa da siyasa?

Shaguɓe ne da ya daɗe a Amurka. Ana zana ɗan jam'iyyar Democrat a matsayin ɗan boko mazaunin babban birni, mai shan latte, wato gahawar nan mai madara da kumfa da ake sayarwa da ɗan karen tsada a shagunan Starbucks. Shi kuwa ɗan Republican, wai baƙar gahawa mai araha yake kurɓa a gidan mai da sassafe kafin ya wuce aiki.

Yaushe abin ya shiga yaƙin neman zaɓe?

Misalin da aka fi tunawa na 2004 ne. Ƙungiyar Club for Growth, ta masu ra'ayin riƙau da ke adawa da ƙarin haraji, ta sa talla a talabijin a jihar Iowa tana sukar Howard Dean, tsohon gwamnan Vermont, lokacin da yake neman takarar shugaban ƙasa a Democrat. Wani dattijo da wata dattijuwa ne a tallar, suna jero laifin Dean da mutanensa: ƙara haraji, shan latte, cin sushi (abincin Japan), tuƙa motar Volvo, karanta jaridar New York Times. A lura, abin sha da mota an jera su sahu ɗaya da haraji.

A 2014 kuma Barack Obama ya sara wa sojoji da kofi a hannu yana saukowa daga helikwafta, 'yan adawa suka yi ta yamaɗiɗi da hoton.

Kamfanonin fa?

Sun shiga dumu-dumu. A Janairun 2017, bayan Donald Trump ya hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka, Starbucks ya yi alkawarin ɗaukar 'yan gudun hijira 10,000 aiki. Black Rifle Coffee, kamfanin tsofaffin sojoji, ya mayar da martani cewa shi tsofaffin sojoji 10,000 zai ɗauka.

Akwai gaskiya a zancen?

Kaɗan. Wani bincike da Diana Mutz da Jahnavi Rao suka wallafa a 2018 ya gano masu sassaucin ra'ayi (galibi 'yan Democrat) sun ɗan fi masu ra'ayin riƙau (galibi 'yan Republican) son latte, suka kuma danganta hakan da yadda suke maraba da abin da ya zo daga ƙetare. Sai dai mafi yawan kowane ɓangare gahawa ta gama-gari suka fi so.

To me ya hana shaguɓen mutuwa?

Arharsa. Bayanin tsarin haraji yana cin lokaci, amma "mai shan latte" nan take ya isar da saƙo: wannan ba namu ba ne, yana raina talaka. A ganina zancen aji ne da mazauni, birni da karkara, aka fake da kofi. Abin dariyar shi ne, ƙungiyar da ta biya kuɗin tallar 2004 ɗin attajirai ne ke ɗaukar nauyinta.