Phanom Rung ba don Buda aka gina shi ba

Mutane da yawa in suka ga hoton tsohon ginin bauta na Phanom Rung sai su ce ai wurin bautar Buda ne tunda a Tailan yake, gaskiya ba haka bane. Mutanen Khmer, wato kakannin mutanen Kambodiya na yanzu, su ne suka gina shi tsakanin ƙarni na 10 zuwa na 13, lokacin yankin Buriram, inda ginin yake, na ƙarƙashin daularsu ta Angkor, kuma don Shiva, wani abin bauta na addinin Hindu, suka yi shi, a saman wani dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa.

Ni dai abin da ya fi burge ni ƙofofinsa ne guda 15 a jere, sau 4 a shekara rana ke ratsa su gaba ɗaya, kana tsaye a bakin ta farko kana hango hasken can a ta ƙarshe.