Daidaiton siffa (simetiri)

Daidaiton siffa shi ne halin abin da za a juya shi, ko a kifa shi, ko a gusa shi, amma ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. A makarantun boko na Kamaru da Chadi ɗalibai sun fi saninsa da simetiri, kalmar da ta samo asali daga Girkanci, ma'anarta kuwa awo ya zo ɗaya.

Mafi sauƙin ganewa shi ne daidaiton madubi, inda rabi ke kwaikwayon rabi, kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. Tutar Chadi, mai shuɗi da rawaya da ja a tsaye, idan aka naɗe ta sama ya haɗu da ƙasa, launi zai hau kan launi. Idan aka naɗe ta dama da hagu, shuɗi zai faɗa kan ja, daidaito ya rushe. Na biyu shi ne daidaiton juyi. Tauraron da ke tsakiyar tutar Kamaru tsini biyar gare shi, don haka duk juyin digiri 72 yana mayar da shi inda yake. Sai daidaiton gusawa, wato zane ya yi ta maimaita kansa a jere, irin na gefen tabarma.

A hannun masu sana'a

Tun kafin a rubuta dokokinsa, masu aikin hannu sun riƙe ilimin nan da ido da yatsa. Mai saƙar faifai takan fara daga cibiya, tana ƙirga ɗinki kafin ta canza launin kaba. In ta yi kuskuren ɗinki biyu a zagaye na uku, ba za a gani ba sai faifan ya faɗaɗa, tsini ɗaya ya fi 'yan'uwansa ƙiba, dole ta warware. Haka dukawan Marwa ke naɗe fata biyu kafin su yanka, don gefe da gefe su zo ɗaya.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne ɗakunan ƙabilar Musgum na yankin Pus, a bakin kogin Logon. Da laka zalla ake gina su, babu azara babu ginshiƙi, wasu har sukan kai tsawon mita 9. Ta ko'ina ka zagaya, siffar ɗaya ce. Lanƙwasar bangon ta yi kusa da siffar da sarƙa ke yi idan aka rataye ta ta baki biyu, sai dai a kife, shi ya sa nauyin ke bin jikin bango har ƙasa. Tudun da aka jera a jikinsa ado ne, matakala ce ga magini, kuma yana rage wa ruwan sama ƙarfi. Abin takaici ne yadda kwano da siminti suka kusa shafe wannan gini.

Lissafi da sinadarai

A 1891 masanin Rasha Yevgraf Fedorov ya tabbatar da cewa hanyoyin maimaita zane a kan shimfiɗa iri 17 ne kacal, komai gwanintar mai zane. Ga ƙwayoyin da ke jeruwa cikin daskararrun abubuwa, irin su gishiri, hanyoyin 230 ne. A irin wannan jeri juyi biyu, uku, huɗu ko shida kaɗai ke yiwuwa, wato siffar ta dawo yadda take sau biyu, uku, huɗu ko shida a zagaye ɗaya. Saƙar zumar Ngaundere mai kusurwa shida tana cike fili ba giɓi, amma mai kusurwa biyar daidai-wa-daida ba za ta daɓe ɗaki ba. Shi ya sa da masanin Isra'ila Dan Shechtman ya ga daidaiton juyi biyar, wanda ake cewa ba ya yiwuwa, a cikin haɗin alminiyam da manganis a 1982, masana da yawa suka ƙaryata shi. A 2011 aka ba shi kyautar Nobel.

Hannun dama da na hagu hoton juna ne a madubi, amma ba sa hawa kan juna. Akwai sinadarai masu wannan hali. A 1848 masanin Faransa Louis Pasteur ya zauna da matsefata yana ware ƙananan ƙwayoyin wani sinadari da ake kira gishirin tatarik, na dama gefe, na hagu gefe. Kusan duk tubalan furotin na jikin mai rai na hagu ne, don haka masu haɗa magani ke kula da wane hannu suke bai wa majiyyaci.

Fiziks

A 1918 Emmy Noether, Bajamushiya, ta nuna cewa kowane daidaito mai ɗorewa a dokokin halitta yana tafe da wani abu da ba ya ɓacewa. Tunda dokar jiya ita ce ta gobe, makamashi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sai dai ya sauya kama. Tunda gwajin Garwa da na Injamena doka ɗaya suke bi, jimlar ƙarfin tafiyar abubuwa ma tana nan yadda take. An daɗe ana zaton halitta ba ta bambance dama da hagu, sai gwajin da masaniyar fiziks Chien-Shiung Wu ta yi da wani nau'in ƙarfe mai suna kobal-60 ya rushe zaton a farkon 1957.

Masu ɗinkin babbar riga su ma ba kullum suke bin madubi ba. Aska takwas ba a tsakiyar ƙirji take ba: a hagu ake zuba aikin, kan aljihu, ya haura kafaɗa, a bar dama da ɗan zagayen tambari.